Iyatu da Lambatun Layinmu

Da za ka tambayi mutanen layinmu a New Bell wace ce Iyatu, mafi yawa za su ce maka ai ita ce doguwar matar nan da ke fita da safe da jaka a kafaɗa, ta tsaya bakin titi tana ja-in-ja da ɗan benskin, wato ɗan acaba, kamar babur ɗin gaba ɗaya za ta saya. Wasu za su ƙara da cewa 'yar Inna Mariam ce, ta gidan ƙarshen layi, inda ƙasa ta yi kwari. Ni da muka tashi tare zan ƙara maka abu guda: ban taɓa ganin mai taurin kai irinta ba, kuma na daɗe ina sayar da atamfa a Kasuwar Congo, inda masu taurin kai suke zuwa kullum.

Sunana Hafiza. Gidanmu yana kallon nasu, lambatun da ke kwashe ruwan layin ne kawai ya raba mu. Mu 'yan kasuwa ne, har gobe muna zuwa Kano ganin dangi. Ita kuwa kakanta ne fataucin goro ya kawo shi Douala ya zauna, babanta ya yi makarantar Faransanci ya zama akawu a tashar jiragen ruwa. A unguwarmu wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Masallaci ɗaya muke shiga, maƙabarta ɗaya, har auratayya ana yi, amma da an zauna shawara sai ka ga 'yan ofis sun koma gefe guda suna jefa Faransanci, 'yan kasuwa sun koma ɗaya gefen suna cewa boko ya cinye waɗancan. Duk abin da wani ɓangare ya kawo, kafin a auna shi sai an fara tambayar ɗan gidan wa ya faɗa.

Iyatu sawun babanta ta bi. Ta gama makaranta ta samu aikin sakatariya a wani kamfanin inshora a Bonapriso, ta yi aure bai yi tsawon rai ba, ta dawo gida ta ce ta huta. Da babanta ya rasu sai ya zama daga ita sai Inna Mariam, wadda ciwon gwiwa ya zaunar, daga gado sai kujera. Albashin Iyatu na iya kama mata ɗaki a sama, a unguwar da ruwa ba ya kwanciya. Ta sha yi wa Inna tayin su tashi. Inna ta ce a ɗakin nan aka kawo ta amarya, kuma daga nan za a fita da ita.

Shekarun baya ne Iyatu ta buɗe shafi a intanet, abin da 'yan ofis ke kira bulog. Ta sa masa suna Ƙofar Gida. In ta taso aiki ta ba Inna abinci, sai ta ɗora kwamfutar a kan cinya ta yi ta bugawa, Hausa a sama, Faransanci a ƙasa. Ba labarin duniya take rubutawa ba. Abubuwan da ke cin mutanenmu a ɓoye take ɗauka ɗaya bayan ɗaya: yadda za a nema wa yaron da aka haifa a gida takardar haihuwa tun kafin jarrabawar gama firamare ta ritsa shi, abin da ya kamata mace mai ciki ta tambaya in ta je awo, yadda za ka yi magana da mai gidan haya ba tare da an kai ga zagi ba. Ba ta taɓa sa sunanta ba, ba hoto, ba komai. A ƙarshen kowane rubutu layi ɗaya take sawa, cewa wanda ya ga amfaninsa ya ɗauka ya ba wani, ba sai ya ce daga ina ba.

Ni kaɗai na san ita ce, kuma ba ita ta gaya mini ba. Tsiwarta na gani a rubutun na gane ta.

Yawancin dattawanmu ba sa karanta boko, matan da ke fama da murhu kuma ba su da lokacin zama su karanta. Wanda ya kai rubutun kunnuwansu shi ne Jafaru mai aski na bakin mahaɗa. Allah ya ba shi murya, shi ma ya sani. In ba kowa a kan kujera sai ya buɗe shafin ya karanta a waya, ya tura saƙon muryar cikin zaurukan WhatsApp na unguwa. Bai san mai rubutun ba, bai kuma damu ya sani ba. Cikin ɗan lokaci sai aka koma cewa Jafaru ya ce kaza, Jafaru ya ce kaza. Daga baya ma sunan Jafarun ya faɗi a hanya. Wata rana wata mata ta zo sayen atamfa a rumfata, ta zauna tana ba ni labarin yadda mijinta mai basira ya gano hanyar yi wa yaransu takardar haihuwa, tana jero mini kalmomin Iyatu ɗaya bayan ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina tashi kasuwa na wuce gidansu na zazzage mata, na ce ta zama jakar unguwa, ita da ɗaukar kaya wasu da shan yabo.

Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni ko matar ta ce an yi wa yaran takardar. Na ce an yi.

"Voilà," in ji ta. "Da na sa sunana, mijin nan zai fara tambaya 'yar gidan wa ce. Ya ji 'yar akawu, bazawara, ya rufe wayar. Yanzu kuwa maganar tasa ce, zai kare ta ya koya wa wani."

Ban yarda ba, har yau ma ban gama yarda ba.

Sai maganar lambatu. A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana zuwa ne daidai lokacin da ruwan Douala ya kankama, kuma wanda ya san ruwan garin nan ya san ba yayyafi ake nufi ba. Al'adarmu kuwa tun kaka da kakanni kowa a ƙofar gidansa yake yanka, a bakin lambatu. Nan jini zai bi, nan za a farke tumbi a zazzage dattinsa, nan mata za su wanke hanji, a bi da kofato da ƙaho da leda. Duk wannan gangarowa yake yi har ƙarshen layi, inda lambatun ya yi kwana a jikin bangon ɗakin Inna Mariam ya shige wani siririn kwalbati. Can yake tsayawa ya cushe. Sallar da ta gabata ruwa ya sauko washegarin yanka, bai samu hanya ba, ya shiga ɗakin da duk abin da ya kwaso. A kan kujera muka ɗauko Inna zuwa gidanmu, tana rufe fuska da mayafi don kunya. Ɗakin ya daɗe bai bushe ba, sanyin ya kama mata ƙirji, ta yi jinyar da muka fara cire rai. Da ta tashi likita ya gaya wa Iyatu cewa kada tsohuwar nan ta sake kwana cikin danshi irin wannan.

Saboda haka da Sallah ta sake matsowa, Iyatu ta tashi haiƙan. Ta nemo wani mai lambun ganye a bayan gari wanda ke son dattin tumbi don taki, ya ce in an tara masa a bakin mahaɗa zai zo da mota ya kwashe. Ta je wurin kafintoci ta roƙi garin katako. Sannan ta zauna ta rubuta abin a sauƙaƙe: kowane gida ya tanadi tsohon buhun shinkafa, a farke tumbi a cikinsa, a tari jini a roba a zuba masa garin katako, kofato da ƙaho su bi buhu, a ɗaure a kai mahaɗa. Ba ta ambaci Inna ba. Ta ce kawai a kowane layi akwai gidan da yake ƙasa da sauran, kuma abin da na sama ya zubar a ɗakin na ƙasa yake kwana.

Jafaru ya karanta ya tura. Mutane suka saurara suka yi dariya. Aka ce tun kafin a haifi mai wannan surutu ake zubawa a rigol, haka muke kiran lambatun a baki, kuma ba a ga wanda ya mutu ba. Iyatu ta sake rubutawa, ta sauya salo, ta ƙara bayani. Ko gezau.

Ana haka sai wani sabon saƙo ya fito da muryar Jafaru. Bayanin buhu da garin katako yana nan yadda yake, amma an yi masa sabon kai. Saƙon ya fara da cewa Malam Hamadu ya ce duk wanda ya zuba kayan cikin ragonsa a rigol, layyarsa ba ta karɓu ba, nama kawai ya ci. Malam Hamadu kuwa shi ne tsohon limamin masallacinmu, mutumin da 'yan ofis da 'yan kasuwa duk suke durƙusa wa.

Ban taɓa ganin magana ta yi gudu haka ba. Kafin ka ce me ta cika New Bell, ta haura unguwar Nylon, har wata 'yar'uwata ta turo mini ita daga Kano tana tambaya ko gaskiya ne. Tsohon buhun shinkafa ya yi daraja. Alhaji Mahmudu, dillalin shanu da gidansa ke can saman layi, wanda ke kayar da sa da raguna duk shekara, kuma rabin abin da ke toshe kwalbatin daga ƙofarsa yake fitowa, ya aika aka tara masa buhuna a zaure. Ni kam har rawa na taka a rumfa. Na tafi gidansu Iyatu da murnata, na same ta zaune da waya a hannu, fuska a murtuke.

Ta ce mini Malam bai faɗi haka ba, ta tabbata, domin sauran kalmomin duk nata ne. Ta riga ta bi ta shagon Jafaru ta tambaye shi kamar mai son sani kawai, ya yi dariya ya ce ɗan gishiri ya ƙara don maganar ta shiga, ga shi kuwa ta shiga.

Na ce to Allah ya yi wa Jafaru albarka. Na ce ta dubi Inna. Malam ba shi da babbar waya, kunnensa ma ya yi nauyi, kafin ya ji labari an yi Sallah an gama, lambatu ya tsira, ɗaki ya tsira. Ba ita ta yi ƙaryar ba, shiru kawai ake nema daga gare ta, kuma shiru ai sana'arta ce tunda ta shekara da shekaru tana ɓoye sunanta. Na faɗi wannan da zafi, don ina son tsohuwar nan kamar uwata.

"Hafiza, ni na ce kowa ya ɗauka ya ce nasa ne," in ji ta. "Ban ce a ɗora wa Malam abin da bai faɗa ba, a kan addini kuma. Kuma ki duba, ba lambatun suka fahimta ba, tsoro suka ji. Ran da suka gane ƙarya ce, duk abin da ya fito daga shafin nan ya zama ƙarya."

Na ce ran nan ya daɗe bai zo ba. Ta ce ita ba za ta jira shi ba.

Da farko ta gwada gyarawa ta hanyar da ta saba. Ta rubuta a shafin cewa Malam bai yi wannan magana ba, shawara ce kawai ta maƙwabtaka. Jafaru ya ƙi karantawa. Waɗanda suka karanta da kansu kuma suka taso mata, suka ce wane ne wannan marar suna marar fuska da zai ƙaryata Malam Hamadu. Rashin sunan da ya yi mata aiki shekara da shekaru, ran nan shi ya ɗaure ta.

Sai ta ce in raka ta wurin Malam. Na raka ta ina gunaguni tun daga ƙofar gida har zaurensa. Muka same shi bayan la'asar a kan buzu. Muka durƙusa muka gaishe shi, Iyatu ta kunna saƙon ta kara masa a kunne. Ya saurara, ya ce a maimaita. Ashe kwanakin nan mutane suna ta tare shi suna cewa Allah ya saka wa Malam, shi kuwa ya ɗauka karatun da yake yi da safe suke nufi. Ya tambaya wa ya haɗa maganar buhun tun asali.

"Ni ce, Allah gafarta Malam."

Ya ɗago ya dube ta sosai. "'Yar akawu?"

Ta ce ita ce. Ya ce shawararta mai kyau ce, amma shi ba zai kwana da maganar da bai yi ba a wuyansa, kuma ba shi da ikon soke layyar kowa. Ta ce abin da ya kawo ta ke nan.

Ranar Juma'a bayan an sallame ya sa aka riƙe masa lasifika. Ya ce bai faɗa ba, layyar wanda ya zuba a lambatu ta inganta. Ya ƙara da cewa cutar da maƙwabci zunubi ne babba, kuma shawarar buhu abin bi ce. Ya ja wannan rabin na biyu sosai, waɗanda suka je sun shaida. Amma mutanenmu rabin farko suka saka a aljihu suka fito. Kafin magariba labari ya juye: ashe duk ƙarya ce, masu sayar da buhu ne suka shirya, a'a 'yan ofis ne ke son hana mutane yanka a gida kamar yadda Turawa suke so. Aka yi wa Jafaru ca, wasu suka daina aski a wurinsa. Aka koma tambayar wa ke da shafin nan, me yake ɓoyewa.

A nan ne Iyatu ta yanke shawarar yin magana da muryarta. Inna Mariam ta ƙi. Ta ce ba ta haifi 'ya don maza su riƙa jin muryarta a waya a majalisa ba, kuma ko kusa kada ta kuskura ta ce ruwa ya taɓa shiga ɗakinta, su ba mabarata ba ne, asirinsu a rufe yake. Iyatu ta durƙusa a gaban gadon ta daɗe tana lallashi. A ƙarshe Inna ta juya fuska bango ta ce ta yi abin da ta ga dama da nata sunan, amma ta bar ɗakinta a waje.

Ina wurin ta ɗauki saƙon. Ta ce sunanta Iyatu, 'yar marigayi akawu ta ƙarshen layi, ita ke rubuta Ƙofar Gida tun farkonsa. Ta ce Malam ya yi gaskiya, layyar kowa tana nan. Ta ce Jafaru ya yi kuskure ne don son abin ya karɓu, a yafe masa, wanda ke da zagi ya kawo mata. Sannan ta maimaita bayanin buhun daga farko, a hankali, kamar mai koya wa amarya girki.

Abin da ta daɗe tana gudu kuwa ya same ta daga ɓangarorin biyu. 'Yan kasuwa, mutanena, suka ce dama sun faɗa, ashe 'yar boko ce, bazawara mai zaman ofis za ta koya musu fiɗa. 'Yan ofis kuma suka rufe ta da yabo. Saƙonni suka yi ta shigowa, bravo, félicitations, wata ƙungiyarsu har ta ce za ta gayyace ta taro a Akwa a ba ta takardar girmamawa. Yawancin masu yabon nan sun daɗe da barin layin, suna zaune a benaye, mahauci suke kai wa rago ya dawo musu da nama a leda. Iyatu ta amsa musu cewa ta gode, wanda ke da baro ya aro mata ranar Sallah. Daga nan saƙonnin suka yi sauƙi.

Ranar Sallah da aka sauko idi, ta sa sabon leshinta ruwan toka, ta ɗaura tsohon zani a kai, ta fito da baron da ta aro wurin magina cike da buhuna da garin katako. Na ce mata ni ba zan bi ta ba, ina da baƙi. Na bi ta. Gida gida muka riƙa shiga, ba ta wurin maza ba, ta wurin matan da ke tsugune da roba suna jiran hanji, don su ne suka san inda dattin yake zuwa. Wasu suka karɓa da fara'a, wasu suka karɓa don kunyar idonmu, wasu suka ce maigida ya hana. Ba ta yi musu da kowa ba. In an ƙi sai ta ajiye buhun a bakin ƙofa ta ce ko za a canza shawara. Muna tsakiyar layi sai ga Jafaru, ya karɓi baron daga hannunta ya ci gaba da turawa.

A ƙofar Alhaji Mahmudu an riga an kayar da sa, mahauta sun farke shi a bakin lambatu. Buhunan da ya tara suna nan jibge a zaure ba a taɓa su ba. Iyatu ta durƙusa ta yi masa barka da Sallah, ta roƙe shi arziki, ta ce ita da kanta za ta riƙe buhun in mutanensa ba su da hannu. Ya amsa da fara'a, ya ce a kawo mata cinya ta kai wa Inna.

"Madam sakatariya, ai Malam ya ce ta inganta," in ji shi. "Ki je ki huta, yau Sallah."

Muna tsaye aka zazzage tumbin san a lambatu. Na buɗe baki zan yi magana, ta danne mini hannu. Da muka wuce na ga idanunta sun kaɗa, amma ba ta tsaya ba, ta shiga gida na gaba.

Mai lambu ya cika alkawari, ya zo da yamma ya kwashe abin da aka tara a mahaɗa, kuma ba kaɗan ba ne. Mu kuma muka jera buhunan yashi a ƙofar ɗakin Inna. Iyatu da Jafaru suka yi ta zungurar kwalbatin da dogon ƙarfe har hannunta ya yi kanta, suna cirowa ana sake turowa daga sama.

Washegari bayan azahar gari ya yi baƙi ta wajen teku. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina tsaye a ƙofarmu ina kallon lambatun yana cika, yana juya kofato da leda a kwanar, har ya daina juyawa ya fara hawa. Na tsallaka da gudu. Yashin ya riƙe na ɗan lokaci, sannan ruwan ya bi ta ƙarƙashin bango ya ɓullo ta bayan gado, ja-ja, da kumfa da wari. Ya rufe tabarma, ya ɗaga takalman Inna, ya tsaya a idon sawu. Bara har gwiwa ya kai, amma wannan ba abin da zan iya faɗa wa kowa ba ne a lokacin. Baƙin ciki ya cika ni har na kasa duban Iyatu, don na san da ta yi shirun da na ce da ɗakin nan a bushe yake, kuma na san ita ma ta sani.

Iyatu ta jawo kujera ta ce in kama mu kai Inna gidanmu. Inna tana zaune a tsakiyar gado ta tattare ƙafafu, carbi a hannu, mayafi a fuska. Ta ce a ajiye kujerar tukuna. Ta dubi ruwan, ta dubi 'yarta da leshin da ya riga ya lalace, ta tambaye ta ko akwai waɗanda suka karɓi buhun. Iyatu ta ce akwai, sun kusa rabin layi. Ta tambaya bara fa. Iyatu ta ce bara ba ko ɗaya.

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta sauke mayafin daga fuskarta zuwa kafaɗa.

"Ɗauko wayar," ta ce. "Ki ɗauke ni a nan yadda nake, da ruwan, da gadon. Ki rubuta Mariam matar akawu, gidan ƙarshen layi, wadda ta yi wa rabin matan layin wankan jego. Naki sunan ki cire shi, kowa ya ɗauki maganar ya ce tasa ce. Nawa ki bar shi a kai."

Iyatu ta tsaya kamar ba ta ji ba. Ta ce, "Inna, har Kano zai je fa."

"Ya je. Yi sauri kafin ya janye."

Iyatu ta goge hannunta a jikin leshin, ta ja da baya cikin ruwan har ta jingina da bango don duka ɗakin ya shiga. Ɗakin da duhu, sai na ɗage labule na riƙe mata.